Gonar da Gado Ya Hana Ruwa

Hillar Sakkwatawa, kusa da Hajj Abdalla
12 ga Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Abdulmuttalib, a Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da motar da kake tuƙawa. Mu nan sai godiya. Gwiwar uwargida Rabi'atu ta yi sauƙi tun da ta bar ɗauko ruwa da kanta. Ni kuma idona na hagu yana hawaye in na daɗe a kan walda, amma likita ya ce ba abin tsoro ba ne. Alkama ta nuna, ana shirin yanka. Kamar kullum, 'yata Mu'minat za ta ɗauki hoton takardar da wayarta ta aiko maka. Ka san ni da magana a waya: abin da aka faɗa da baki ba a iya komawa a sake duba shi.

Bayan haka, zanen da yaron nan, yayan Mu'minat, ya aiko ta hannunka ya iso. Na fahimci yana so in ƙera masa tudun ƙarfe, wanda zai hau a guje da babur mai ƙafa huɗu irin wanda yake aiki da shi a sansanin baƙi cikin yashi, ya tashi sama daga bakinsa, ya sauka a kan tulin ƙasa. Hoton mai motsi da ya haɗo da shi na kalle shi sau goma sha biyu. A karo na farko mutumin na kalla, na ga ya saki hannuwansa biyu yana sama. A sauran sha ɗayan ƙarfen kawai na kalla.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran garma da ƙofofin ruwa, kuma ka sani ba ni da malami a wannan sana'a sai ƙananan littattafan nan da aka raba mana a ma'aikata muna samari. Na fito da su duka daga akwati. Akwai babi a kan ƙofar da za ta tare ruwa, akwai babi a kan tirelar da za ta ɗauki auduga. Babu shafi ko ɗaya a kan abin da aka ƙera don ya jefa mutum sama. Saboda haka ina da tambayoyi, kuma ina roƙonka ka kai su yadda suke, kada ka taƙaita.

Ya rubuta tsayi mita biyu da santimita arba'in. Daga ƙasa ne zuwa saman ragar da taya za ta taka, ko zuwa ƙarƙashin bututu? Ya ce bututu mai kusurwa huɗu, bai faɗi kaurin bangonsa ba, alhali a kasuwar Madani akwai na milimita biyu akwai na uku, kuma masu sayarwa sukan ba ka na biyu su rantse na uku ne. Nawa ne nauyin babur ɗin da mai a cikinsa? Nawa ne nauyinsa shi kansa yanzu? Da ya tafi siriri ne, ban san yadda ya koma ba. Sauran tambayoyi bakwai suna bayan takarda, na sa wa kowace lamba.

Ka ce yana tunanin zuwa da Babbar Sallah. Shekara shida ke nan. Ban faɗa wa Rabi'atu ba tukuna, don kada in sa mata rai a kan abin da bai tabbata ba. In ka ga alamar tabbas, ka rubuta mini ita a fili.

Ka gaida Ibtisam da yara.

Yayanka,
Gado

Riyad
26 ga Sha'aban

Yaya Gado,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ibtisam tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Yaya Rabi'atu ta riƙa shafa man riɗi da ɗumi. Kai kuma ka sa gilashin walda, ka bar kare ido da tafin hannu kamar mai hangen wata.

Takardarka ta same ni a layin lodi. Na yi dariya har direban da ke bayana ya zo tambayar lafiya. Tambaya goma sha ɗaya, kowace da lambarta! Ranar Juma'a na tuƙa awa uku na je sansanin da ɗanka na fari Sharfuddeen yake, wanda har yau kake ce wa yaron nan ko da yake ya shekara ashirin da tara kuma gemunsa ya fi nawa. Wurin babu layin waya sai an hau kan tudun yashi. Na zaunar da shi na karanta masa. Amsoshin suna ɗaya shafin da hannunsa. Ya ce tsayin zuwa saman raga ne, bututu na mili uku, shi kuma kilo saba'in da takwas.

Ga tabbas ɗin da ka nema. Kwantiraginsa zai ƙare da Babbar Sallah. Ya sayi babur na hannu, ya gyara shi da kansa. Niyyarsa ya zo da shi gida ya gwada. Ya ce samarin Madani da Sinnar za su zo su hau, kuma za a riƙa kiransa wasa a bukukuwa da ranakun kasuwa. In tudun ya yi kyau kuma aka sami fili mai tauri, zai zauna. In bai yi ba, hutun kwana goma ne, ya dawo ya sa hannu a kan wasu shekara biyu. Filin yana bukatar mita sittin na gudu kafin tudu, da mita goma sha biyar tsakanin tudu da wurin sauka.

Abu ɗaya zan gaya maka, ba don in tayar maka da hankali ba. Da na gama karatu sai ya ce, "Baffa, buɗe hoton bayan takardar." Na buɗe, ba komai sai tambayar kaurin raga da yawan ƙafafu. Ya yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba. Na ce masa ai ka san babanka, ya ce to.

Ka ci gaba da aiki, Yaya. Ka gaya wa Yaya Rabi'atu, ni na ɗauki nauyin maganar.

Ƙanenka,
Abdulmuttalib

Hillar Sakkwatawa
8 ga Shawwal

Zuwa ga ƙanena Abdulmuttalib.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, Allah Ya karɓi ibada. Mun yi azumi cikin zafi mai tsanani, amma kowa lafiya. Na faɗa wa Rabi'atu. Ta ci gaba da tankaɗe. Washegari na tarar ta fitar da kayan da ke ɗakin ƙofa tana shafe shi da farar ƙasa.

Tudun ya tsaya da ƙafafunsa. Ina so ka bayyana masa yadda na yi, don ya san abin da zai hau.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lanƙwasa. Zanen ya nuna hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana tasowa a hankali kamar bakin ƙwarya, kuma ba ni da injin lanƙwasa bututu. Sai na share filin bayan maƙera, na kafa turke, na ɗaura igiya mai tsawon mita tara, na ja da'ira a ƙasa da ƙusa. A kan wannan zane na shimfiɗa bututun. Kowane taƙi ɗaya na tsaga shi da zarto ta gefe uku, na matse tsagar har ta bi zane, sannan na cike ta da walda. Tsaga ashirin da takwas a kowane bututu, bututu uku. Na biyun ya bauɗe da faɗin yatsa, na yanke shi na sake sabo. Littafi ya ce walda mai kyau tana kama da jerin ƙwayar wake a cikin kwasfa. Duk wadda ba ta yi haka ba na goge ta na maimaita. Ƙafafu shida na sa maimakon huɗun da ya zana, ka ba shi haƙuri. Da na gama na ɗora buhu goma sha huɗu na dawa a bakinsa, na bar su kwana biyu, na auna da zare. Bai sauka ba ko da kaurin farce.

Sai maganar fili. Na zaga garin nan duka da igiyar awo. Filin ƙwallo yana da rami, hanyar kasuwa ba a raba ta da jakuna, bakin tur'a kuwa, babbar magudanar nan, in ya kauce ruwa ne. Babu wuri mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe sai hawashata, gonar da Baba ya bar mana. Na sa tarakta ta ja tudun can, na kafa shi a tsakiya. Wurin sauka na gina shi da lakar da aka yashe daga tur'a, amalanke casa'in, muna yayyafa ruwa muna daɓewa. Da aka gama na hau bakin tudun da ƙafata na dubi mita goma sha biyar ɗin nan. Abdulmuttalib, tsawon ɗaki huɗu ne a jere, kuma babu komai a ƙasa sai ƙasa. Na daɗe kafin na iya saukowa.

Ka tuna yadda ake yi a nan: gonakin nimra ɗaya, wato jeri ɗaya, magudana ɗaya suke sha, iri ɗaya ake shukawa, lokaci ɗaya. Bana dawa ce a nimrarmu, kuma ruwa zai zo kafin Babbar Sallah. In ruwa ya taɓa baƙar ƙasarmu ko jaki ba ya tafiya a kanta. Ina tunanin yadda zan yi.

Game da abin da ka ce ya faɗa, na karanta. Ka ce masa kada ya ɗora wa kansa nauyinmu. In aikin can ya fi masa amfani, ya zauna a kansa da kwanciyar hankali, mu ba mu rasa komai ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Na haɗo da hotuna huɗu. Ya duba na uku da kyau, wurin da ƙafa ta haɗu da bututu.

Yayanka,
Gado

Hillar Sakkwatawa
17 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Abdulmuttalib.

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Ina fata shirunka na aiki ne ba na ciwo ba. Kwana talatin da tara ke nan ban ga amsarka ba. Mu'minat ta ce hotunan sun shiga, an kuma buɗe su. Ta kira yayanta sau biyu bai ɗauka ba, ta ce watakila rashin layi ne.

An saki ruwa daga madatsar Makwar, ya iso tur'armu shekaranjiya. Osman samad, mai kula da nimrarmu, ya zo maƙera da kansa ya ce jibi za a fara ba mu, in shirya. Na ce masa a tsallake ni. Ya zaci bai ji daidai ba. Da na maimaita ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya gudu daga ruwa ba, kullum faɗan da yake rabawa na masu sata ne. Ya tuna mini cewa kwanakin shuka ƙidayayyu ne, dawar da ta makara tsuntsu ke cinye ta. Duk na sani. Na toshe bakin magudanata da laka, na ɗaga ganuwar ƙasa ta gefen maƙwabtana biyu don kada nasu ya tsiyayo, na haƙa lambatu saboda ruwan sama.

A majalisa sun sa wa tudun suna gadar zuwa Lahira. Wani ya ce Gado ya shuka ƙarfe bana, a jira a ga abin da zai tsiro.

Abu biyu nake so in sani. Hoto na uku, ya gamsu da haɗin? Kuma wace rana ce, don in san ko zan sake daɓe hanyar gudu, ta fara tsagewa saboda rana.

Yayanka,
Gado

Riyad
27 ga Zulƙida

Yaya Gado,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, shi ma lafiyarsa ƙalau, ka kwantar da hankalinka ta wannan gefe. Na yi shiru ne don ban san yadda zan rubuta maka ba, kuma na yi zaton zan iya gyara abin kafin ka ji.

Laifina ne. Wancan karon ban samu zuwa ba, sai na tura masa hoton takardarka yadda take. Da ni na karanta masa da baki, da na tsallake layin nan. Ya karanta da idonsa cewa in aikin can ya fi masa ya zauna, ba ku rasa komai ba. Ni na san abin da kake nufi. Kara ce irin ta gidanmu, wadda baƙo zai ce ya ƙoshi cikinsa na kuka. Shi kuwa ya ɗauke ta yadda aka rubuta ta. Ya karɓo takardar sabon kwantiragi, tana cikin jakarsa, an ba shi zuwa bayan Sallah da kwana uku.

Na je na same shi. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari kamar bai taɓa ji ba: uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ɗokinsa a gaban mutane, haka aka yi wa kowa. Ya ce ya sani, ba a Riyad aka haife shi ba. Ya ce ya tashi tare da 'ya'yan Larabawan Hajj Abdalla, kowa ana kiran ubansa da sunansa, Abu wane, Abu wane, uban yana amsawa da fara'a. Ya tuna mini ranar da mai sayar da ƙarfe ya ce maka Abu Sharaf a gabansa, ka juya kai kamar ba da kai ake ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ni na manta, shi bai manta ba.

Sai ya ƙara da wannan. Ya ce, "Baffa, kunyar nan an yi ta ne don mutanen da ke kwana gida ɗaya. Ka ga fuska, ka ga wanda ya tsaya a ƙofa yana jiranka. Daga ƙetaren teku ba abin da ke isowa sai takarda, kuma ba ni a cikinta."

Na nuna masa takardarka ta ƙarshe, maganar ruwa. Ya ce kai mutum ne da ba ka barin aiki rabi, ko na wa ne. Haɗin hoto na uku kuwa, ya ce ya fi na kamfani.

Yaya, ni ƙanenka ne, ba ni da bakin yi maka faɗa. Amma shekara shida ina dako tsakaninku, kuma kayan nan ya fi ƙarfin motata. Ka rubuta masa da kanka. Layi biyu ya isa. Ka kira sunansa, ka ce ya zo.

Abdulmuttalib

Hillar Sakkwatawa
6 ga Zulhajji

Zuwa ga ƙanena Abdulmuttalib.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An yi yayyafi ranar Asabar, lambatun ya yi aikinsa, fili bai jiƙe ba. Ban ga laifinka ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ka san Baba har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Kai yakan ɗora ka a wuya ya kai ka kasuwa, ni kuma in na shigo zaure sai ya dubi bango. Ban taɓa shakkarsa ba, domin in na dawo daga gona nakan tarar da ɓarin goronsa a kan tabarmata, kuma na san ba iska ta kawo shi ba. Na ɗauka abin da ya ishe ni zai ishi nawa. Ban yi lissafin teku ba. Maganarsa gaskiya ce.

Ranar mai sayar da ƙarfe ma ina tune da ita. Na juya kai ne don kada a ga fuskata.

Na yi ƙoƙarin abin da ka ce. Takarda bakwai na ɓata. In na rubuta "zuwa ga" sai hannun ya tsaya, kamar an ce in tuɓe riga a masallaci. Na nemi Rabi'atu ta faɗa in rubuta, ta rufe fuska da mayafi ta ce ita da ta haife shi ta fi ni nauyin baki.

Jiya da hantsi na tuna wani abu. A maƙera, duk aikin da aka gama sai an sa masa sunan mai shi da sandar walda, don kada garmar wani ta tafi gidan wani. Wannan ƙa'idar aiki ce, kuma tudun nan shi kaɗai ne ya fita daga hannuna babu suna. Na ɗora janareto a kan amalanke na tafi gona. Na yanko farantin ƙarfe na liƙa a gefen da ke kallon hanya, na rubuta da haruffa masu tsawon taƙi biyu. Da na gama sunan na ga akwai sauran wuri, sai na ƙara abin da ba a sa wa garma.

Gonakin nimra duk sun tsiro, kore shar daga tur'a har hanya, tawa ce kaɗai baƙa a tsakiya, don haka duk mai wucewa sai ya duba. Kafin azahar gari ya ji. Tsofaffin mata sun ce Gado ya zubar da kunya da furfurarsa. Osman ya tsaya ya karanta da ƙarfi, ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Abu Sharaf." Na amsa. Muryata ba ta fita sosai ba, amma ya ji.

Da la'asar Rabi'atu ta ce za ta je tsinko lalo. Babu lalo a wannan gefen. Mu'minat ta ce ta hango ta tsaye a gaban farantin, ta sa hannu tana bin haruffan, ita da ba ta karatu.

Ga hoton. Ka tura masa yadda yake, kada ka karanta masa, kada ka ƙara bayani. In hoton bai fito da kyau ba saboda hasken rana, abin da ke jiki shi ne: Sharfuddeen ɗan Gado. Ka zo gida.

Ka ga, na rubuta shi da alƙalami ma. Kwafe ne daga ƙarfe, shi ya sa ya yiwu.

Yayanka,
Gado

Sansani
12 ga Zulhajji

Baba,

Salam. Barka da Sallah. Ka yi haƙuri da Hausata, rubutun Larabci ya fi mini sauƙi, amma wannan da Hausa nake so.

Na ga hoto. Na hau tudun yashi don ya buɗe, na zauna can har rana ta ƙone ni.

Ban sa hannu ba. Na mayar musu da takardarsu. Amma fita tana ɗaukar lokaci, sai an gama takardu, kuma babur zai bi jirgin ruwa zuwa tashar Sawakin. Wata biyu, ko uku. Ba zan iya faɗin rana ba.

Baba, ka buɗe ruwa ka shuka. Ka riƙe fili busasshe don kana zaton kwana goma zan yi. Ba kwana goma zan yi ba. Tudu ya jira girbi, in an yanke dawa ƙasa ta bushe sai mu gwada shi, kana tsaye. Kuma ni ma zan ci tuwo a gidan nan, kilo saba'in da takwas ba ya rayuwa da ƙarfe.

Ka gaida Inna. Ka ce mata na ji labarin lalo daga Baffa.

Ɗanka,
Sharfuddeen

Hillar Sakkwatawa
16 ga Zulhajji

Zuwa ga Sharfuddeen.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna lafiya. Hausarka ba ta da laifi. Mahaifiyarka ta sa an karanta mata takardarka sau uku, bayan na uku ta kori Mu'minat daga ɗaki.

Na je wurin Osman tun kafin ya karya kumallo. Ya yi mita, ya ce zagayen nimrarmu ya wuce, sai na gaba, sannan ya ɗauki fartanyarsa ya bi ni. Tarakta ta ja tudun zuwa kan gaɓa, na ɗora ƙafafunsa a kan duwatsu don kada laka ta ci su, na shafe shi da baƙin mai. Tulin sauka na bar shi inda yake, za mu shuka kewaye da shi. Da hannuna na fasa toshiyar. Ƙasar ta tsage har hannu yana shiga, ta sha ruwa rabin yini kafin ya fara tafiya a kanta.

Mun makara da kwana ashirin da huɗu. Na samo iri mai saurin nuna. Dawarmu za ta tsaya ita kaɗai bayan kowa ya yanke tasa, kuma tsuntsun nimra duka a kanta zai sauka. Za a bukaci mutum biyu masu kora, ɗaya a kowane gefe, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Ka ce ba ka iya faɗin rana. Na fahimta, ba na matsa maka. Motar da ke zuwa daga Madani tana tsayawa a bakin hanya sau biyu a yini, kuma daga ƙofar maƙera ana ganin masu sauka. Na juya teburin aikina ya fuskanci can.

Mahaifinka,
Gado